Ƙafar Inna da Motocin Mutane

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Baban yara da yaran duka. Mu ma nan lafiya muke, sai ƙafar Inna, ita ma da sauƙi.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Duk sanda na kira ki a waya, kafin in haɗa magana ɗaya kin yi uku, ga Inna a bayan labule tana jin komai. A takarda babu mai katse ni. Rubutun dai kin san inda na tsaya a makaranta, sai ki yi haƙuri da shi. Dogo direba ne zai kawo miki. Ya ce ba sai an biya shi ba, tunda na gyara masa birki.

Kin tuna a babban asibiti sun ce ciwon suga ya ci gyambon, sai dai a yanke ƙafar daga idon sawu. Likitan nan mai ƙaramin asibiti a bayan gidan mai, shi kaɗai ya ce a ba shi lokaci. To lokacin ya yi amfani. Da ramin da ke tafin ƙafar babban yatsana yana shiga, yanzu ko ƙaramin ba zai shiga ba. Warin ya tafi. Naman ya yi ja, ya ce jan ake so. Litinin da Alhamis nake kai ta. Yana zama a kan wata 'yar kujera mai taya, ya shimfiɗa leda a cinyarsa ya ɗora ƙafar, ya ɗauki ɗan almakashi yana cire mataccen naman kaɗan-kaɗan kamar mai gyaran agogo. Inna tana zaginsa, yana dariya. Ta ce masa mahauci, ya ce mata uwar rigima. Kin san Inna ba ta zagin wanda ba ta yarda da shi ba.

Abin da ya sa na rubuto, kuɗin da kika aiko sun ƙare tun makon jiya. Na zuwan Alhamis Maigida ne ya ba ni, zai cire a ladan aikina na gareji. Ga rasit ɗin duka na sa miki a ambulan, kada ki ce ban riƙe ba. Ni ban san ko tsada ce ko haka abin yake ba, ban taɓa jinyar ƙafa ba. Likita ya ce da sauran tafiya kafin ramin ya rufe, kuma idan aka tsaya a tsakiya komai zai koma baya.

Inna tana gaishe ki. Ta ce ki daina aiko mata da madarar masu suga, ɗanɗanon alli take yi. A gaida Baban yara, a shafa min kan ƙaramin.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso tare da rasit. Muna lafiya, yara suna gaida kawunsu. Na yarda rubutunka ya fi bakinka sauri.

Na kai rasit ɗin wajen mijin wata malama da muke koyarwa tare, yana da kantin magani. Ya duba, ya cire tabarau, ya tambaye ni ko da zinariya ake naɗe ƙafar. Ya lissafa auduga da bandeji da ruwan wanke ciwo, ya ɗora ladan likita a kai har da ƙari, ya ce duk da haka abin da ake karɓa a hannunku ya ninka na gaskiya sau uku. Watanni ana yi mana wannan, kai kana tsaye kana sha'awar almakashi.

Akwai hukumar da ke kula da likitoci, kuma tana da ofishi a nan. Na je na karɓo takardar koke, na cike ta da hannuna. Abu ɗaya ya rage: mara lafiya ce za ta sa hannu. Ka sa Inna ta dangwala yatsa a inda na yi alama. Ba sai ka yi mata dogon bayani ba, ka ce takardar asibiti ce, ai ba ƙarya ka yi ba. Ka ba Dogo ya dawo min da ita. Idan suka sami likitan da laifi zai dawo da abin da ya ci, kuma zai ji kunyar yi wa wani.

Na san halinka. Za ka ce a bari tukuna. Tun kana yaro idan aka ƙwace maka abu sai ka tsaya kana kallon yadda aka ƙwace. Wannan karon kada ka tsaya kallo.

Na aiko da na mako biyu. Kada ka tambaye ni inda na samo. Madarar kuma ta sha, ba don daɗi aka yi ta ba.

Yayarka

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma godiya, kuɗi sun iso. Allah ya saka, ya ƙara buɗi.

Takardar koken tana ƙarƙashin katifata, ban kai wa Inna ba. Ba ƙin maganarki na yi ba. Kin ce kada in tsaya kallo, to na riga na tsaya, ki ji abin da na gani.

Asibitin ɗaki huɗu ne da baranda. A barandar akwai dogayen benci biyu, nan mutane ke jira. Daga ciki akwai wani ɗaki mai kujerun kushin da fanka. Mu tun ranar farko ciki aka wuce da mu, ni na ɗauka don Inna tsohuwa ce. Ranar Litinin na bar ta a ciki, na fito na zauna a benci. Kusa da ni wani dattijo ne, da can gadin makaranta yake yi, ƙafarsa ta fi ta Inna lalacewa. Muka gaisa, hira ta kai mu ga tsadar jinya. Na faɗi abin da muke biya, ya juyo ya kalle ni da kyau, ya zaro rasit ɗinsa daga cikin hula. Bai kai kashi ɗaya cikin uku na namu ba. Wata mata mai sayar da gawayi ta ce ita wani zuwan ma ba a karɓar komai.

Na ce wa ke yanke kuɗin? Suka yi dariya, suka nuna min taga da baki. Matar Likita ce ke karɓar kuɗi, teburinta yana jikin tagar da ke kallon ƙofar shigowa. 'Yan benci Mai Taga suke ce mata. Babu farashi a bango, babu a ko'ina.

Dattijon ya ce, "Ɗana, a ciki ƙafa ake dubawa. A taga abin da ya kawo ƙafar ake dubawa. Ku ai manya ne. Ba kai ne mai baƙar jif ba?"

Mai gawayi ta ce, "Kai Baba idonka ya tafi. Shi ne mai farar nan doguwa."

Wani daga ƙarshen benci ya ce shi ja ya gan ni da ita.

Yaya, duk sun yi gaskiya. Kin san a gareji idan an gama gyaran mota sai an fita da ita gwaji kafin a ba mai ita. Hanyar asibitin nan akwai hawa, akwai ramuka, akwai miƙe mai tsawo, babu inda ya fi ta daɗin gwada birki da giya. Da Maigida ya ji ina kai Inna, sai ya ce don me zan biya tasi, in riƙa haɗa gwajin da kai ta. Taimako ya yi nufi. Garejinmu kuma manyan motoci muka fi gyarawa. Saboda haka duk zuwa da wata mota nake shiga ƙofar nan, wata ta fi wata.

Ga Inna kuma. Ba ta yarda in raka ta da kayan aiki. Sai na wanke hannu da fetur da sabulu har fata ta yi zafi, na sa farar riga. Ita ta yafa mayafin nan da kika saya mata, ta fesa turare, ta shige kujerar baya ta harɗe, ko ƙofa ba ta buɗewa sai na zagayo. Mai gadin asibitin Yallaɓai yake ce min, ina amsawa don na ɗauka tsokana ce. Yanzu na tuna Mai Taga ta taɓa tambayata ko zan samo mata ƙaramar mota mai kyau, na ce zan duba. Ni ina nufin in tambayi masu kawo gyara. Ita ashe dillalin motoci ta ɗauke ni.

Ban ce sun kyauta ba. Amma ina so in tabbatar kafin in sa yatsan Inna a takarda. Ranar Alhamis a tasi za mu je, da kayan aikina a jikina. Ki ba ni wannan zuwan kawai.

A gaida mutan gida.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Salamu alaikum. Na karanta takardarka a ɗakin malamai, na yi dariya har aka tambaye ni lafiya. Da na dawo gida na sake karantawa, ban yi dariya ba.

Wato da motocin mutane kuka ci min bashi. Tunda abin ya zo nan, bari ka sani. Kuɗin da nake aikowa daga asusun malamai na ranto su. Duk wata ana yanka daga albashina, kuma za a ci gaba da yanka har baɗi. Baban yara bai ce komai ba, amma ya daina tambayata ya jikin Inna a gaban abinci, sai idan zai fita. Kada Inna ta ji wannan.

Abin da ka gano bai wanke likitan ba, ya ƙara kama shi ne. Ko a jirgi kuka je, bandeji bandeji ne. Ka je a tasin, ka riƙe rasit, idan dattijon ya yarda ka ɗauki hoton nasa. Kuma ka gaya wa Maigidanku ina godiya, ya isa haka.

Yayarka

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, maganar bashin ta tsaya min a rai. Ban da abin cewa sai Allah ya rufa asiri.

Mun je a tasi. Kafin mu fita sai da aka yi rigima. Inna ta ce ita za a cusa a tsakiyar mutane da ƙafa ɗaya? Ta ce in cire wannan ƙazamar rigar kada a ce ba ta haifi mutum ba. Na ce motocin duk an karɓe, aiki kuma yana jirana. Ta hau tana mita har muka isa.

Mai gadi ya buɗe baki zai ce Yallaɓai, ya ga tasi, ya ga rigata, ya mai da shi sannu. Mai Taga ba ta jira mu ƙaraso ba, ta leƙo.

"Yau ina motar?"

Na ce, "Mai ita ya karɓa."

"An sayar ke nan?"

"An gyara. Ni makanike ne."

Ta kalli hannuna. Ta ce ɗakin ciki ya cika yau, mu ɗan zauna a benci. Fankar tana juyawa, ina hango kujerun ta labule, mutum ɗaya ne a ciki.

Mun zauna tun safe har rana ta karkata. Na ɗauka Inna za ta ci mutuncina, ashe benci ya fi mata. Kafin a kira mu ta san ciwon kowa, ta gaya wa mai gawayi mijinta rago ne, ta ce da dattijon ya daina shan shayi da suga a ɓoye don ta gani a idonsa. Ya rantse, ta ce rantsuwar ma ta masu sha ce.

Da aka kira mu na sa ido sosai, don abin da nake tsoro ke nan, kada aikin ma ya canza. Kujerar ita ce, ledar ita ce, almakashin shi ne. Likita bai yi sauri ba, bai bar wa nas ba. Yadda yake sunkuyawa a kan ƙafar da can, haka ya sunkuya. Da muka fito Mai Taga ta rubuta rasit ba ta ɗago kai ba. Daidai da na dattijon. Ga shi nan a ambulan, hoton nasa yana wayata.

Yanzu ga abin da za ki yi faɗa a kai. Na zaunar da Inna wajen sababbin ƙawayenta, na koma na ce ina son ganin Likita, magana ce ba ta ƙafa ba. Na ajiye masa tsohon rasit da sabo a kan tebur. Ya duba, bai yi musu ba.

Ya ce, "Kai ne mai motoci."

Na ce, "Ko keke ba ni da shi, Likita."

Na gaya masa maganar gwaji. Ya yi dariya har ya share ido. Da ya gama ya ce, "To Makanike, a garejinku canjin baƙin mai na jif da na tasi kuɗi ɗaya ne?"

Na ce jif ta fi shan mai.

"Ladan aikin nake tambaya."

Na gane inda ya nufa. Kin san Maigida takalmin mutum yake kallo kafin ya faɗi kuɗi. Ni ma na koya, har yana yabona a kai.

Likita ya ce na ɗakin fanka su ke ɗauke da na benci, da ba haka ba rabin mutanen barandar nan da an yanke musu ƙafa tuni. Na ce mu ba na ɗakin fanka ba ne, kuskure aka yi, kuma yayata malamar makaranta ce, bashi ta ci. Nan ya daina murmushi. Ya ce wannan bai yi daɗi ba. Na ce to a dawo mana da abin da ya hau. Ya ce kuɗin sun riga sun shiga ƙafafun mutane, ba shi da su a aljihu. Yana faɗa ina hango bulo da buhunan siminti ta tagarsa, bene suke ɗorawa a kan asibitin. Ban san nawa ya shiga ƙafar dattijo, nawa ya shiga bulo ba. Ina jin shi ma bai raba ba.

Ya ce daga yau kuɗin benci za mu riƙa biya har a gama. Na baya kuwa ya wuce.

Sai na gaya masa akwai takardar koke. Ban faɗa don in ba shi tsoro ba, na ga bai kamata mutum yana riƙe da ƙafar uwarmu muna ɓoye masa abu a ƙarƙashin katifa ba. Bai ɗaga murya ba. Ya ce haƙƙinmu ne, ba zai hana ba. Amma ranar da takardar ta zo masa daga hukuma, ba zai ƙara taɓa ƙafar ba. Ya ce ba fushi ba ne. Gyambon mai suga yana iya juyawa ko da yaushe, idan ya juya bayan an kai shi ƙara, za a ce da gangan ya yi. Zai rubuta mana takarda mu koma babban asibiti.

Kin san abin da suka ce a can.

Haka muka rabu. Har ya ce in duba masa motarsa wani lokaci, tana ƙara idan ya taka birki. Na ce ya kawo ta gareji, Maigida zai faɗa masa kuɗi.

Ina jiran amsarki. A gaida yara.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Salamu alaikum. Na sha ruwa kafin in ɗauki biro, don kada in rubuta abin da zan yi nadama.

Ka je ka nuna masa duk abin da ke hannunmu, ka dawo da hira. Kai har yanzu ba ka gane abin da ya yi maka ba. Mutum ya ɗora ƙafar uwarka a cinyarsa ya ce zaɓi, ko ita ko haƙƙinka. Don ya faɗa a hankali ba ya nufin ba barazana ba ce. Kuma maganar gareji da ya rufe maka baki da ita, mai jif yana iya juya motarsa ya tafi wani gareji. Inna ina za ta juya? Idan yana so masu hali su ɗauki marasa hali, ya rubuta a bango kowa ya gani, mai so ya bayar. Ba matarsa ta zauna a taga tana auna mutane ba. Gobe wata za ta zo a motar maƙwabci, a yanke ta yadda aka yanke ni.

Kai da kanka ka ce ramin ya zama ƙarami. Ba lallai ne babban asibiti su ce a yanke yanzu ba. Ka je ka tambaya mana, maimakon ka zauna da tsoron maganar da aka yi tun ƙafar tana wari.

Abu ɗaya na janye. Na ce ka sa Inna ta dangwala ba tare da bayani ba. Tunda ga abin da zai biyo baya, ba za a yi haka ba. Ka zaunar da ita ka gaya mata komai, na taga da na Likita, ta zaɓa da kanta. Ban da maganar bashi. Na ce ban da maganar bashi, Auta.

Yayarka

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Maganarki ta taga da bango gaskiya ce, ban da amsarta.

Na je babban asibiti kamar yadda kika ce. Na samu wani matashin likita a bakin ƙofa, na nuna masa hoton ƙafar a waya, na da da na yanzu. Ya ce wanda ya yi aikin nan ya iya. Ya ce yadda take yanzu babu mai yanke ta. Na ce idan muka dawo wajenku fa? Ya ce wankin gyambo sau ɗaya suke yi a mako, kuma wanda ke aiki ranar shi zai yi, yau wannan gobe wancan. Na ce za ta rufe? Ya ce tana iya rufewa, tana iya komawa, shi ba ya alkawari a kan hoto. Iyakar abin da na samo ke nan.

Jiya da na taso daga aiki na samu Inna a tsakar gida, ta miƙe ƙafar a kan bokiti. Na zauna na gaya mata komai. Da na zo kan motoci ta ce ai ita ta san ba banza ba matar nan take mata sannu har sau uku. Na faɗa mata kuɗin da ke kan rasit, namu da na dattijon. Na karanta mata takardarki ta koke, na gaya mata abin da Likita ya ce zai biyo baya, da abin da na ji a babban asibiti.

Ta ce, "Kuɗin nan masu yawa, ina yayarka ta same su?"

Na ce kina aiki.

"Na san tana aiki. Na san albashin malami. Kalle ni nan."

Yaya, ban faɗa ba. Amma ban iya kallonta ba, ta ce shi ke nan, ta ji. Ta ce har yaushe za a yi ta yankar miki? Nan ne na ce har baɗi. Ki yi faɗan da ni idan kin zo.

Ta daɗe tana kallon bandejin. Can ta ce in kawo takardar. Na ce ta bari ta kwana a kai. Ta ce ba ta tambaye ni shawara ba. Ba mu da tawadar dangwale, sai na goga mata biro a babban yatsa har ya yi shuɗi, ta danna a inda kika yi alama, ta ƙara dannawa don kada a ce bai fito ba.

Ta ce, "Ƙafa tawa ce, kuɗi nata ne. Da nawa ne da na bar masa, ya je can shi da Allah. Ba na yafe abin da ba nawa ba. Ka kai mata. In ta ga a kai, ta kai."

Na ce, "Inna, idan ƙafar ta koma baya fa?"

Ta ce, "Sai ka riƙa ɗaukata. Abincin da kake ci na mene ne?"

Ta ce kuma in gaya miki kada ki kira ta a kan maganar nan, ta gama nata.

Yau Alhamis mun je, a tasi, a benci. Ramin ya koma kamar ƙwayar wake. Likita ya ce idan aka ci gaba haka ta kusa fara takawa a tsakar gida, mu fara neman takalmi mai faɗi mai laushi, wanda ba shi da ɗinki a ciki. Bai san ta dangwala ba. Ta zage shi kamar kullum, ta ce mahauci, sai ta ƙara da ɓarawo. Ya yi dariya, amma ba irin ta da ba. Bai ɗago kai daga ƙafar ba har ya gama naɗewa.

Ga takardar nan a cikin ambulan. Idan ra'ayina kike so, ni na fi son a bari. Amma ba albashina ake yanka ba, kuma ba ni ke zama da Baban yara a kan tabarma ɗaya ana shiru ba. Abin da kika yi, ba zan ce don me ba. Ki dai sanar da ni kafin Litinin, in san inda zan nufa da ita.

Allah ya ba mu mafita. A gaida kowa.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Salamu alaikum. Takardar ta iso. Tana cikin jakata. Ofishin hukumar yana kan hanyata ta makaranta, na wuce ta ƙofarsa jiya, na wuce yau.

Ban yafe wa Likita ba, kuma ban yaga ta ba. Idan ya tambaya ka gaya masa haka.

Ranar Litinin ka kai ta inda ka saba. Ka ɗora ƙafar a kan farar takarda, da bandejin a jiki, ka zagaye ta da biro, ka ba Dogo ya kawo min. Ka zana ɗayar ma, ba a sayar da takalmi ƙafa ɗaya.

Ka gaishe ta.

Yayarka